Gudun Liddell da Takardar Hannunsa: Musayar Baiti

Malamin matasa

Salama gare ku 'yan'uwa, ga baitina na buɗewa,
Kan fim ɗin Chariots of Fire, na gudu da fafatawa.
A 1981 ya fito, Hugh Hudson ne ya yi tsarawa,
Ba coci ce ta yi shi ba, sinima aka nufa da nunawa.
Labarin Eric Liddell ɗan Scotland ne, a Olamfik ta Paris 1924 ya yi fitowa,
Ya ƙi gudun mita 100 ran Lahadi, don ranar Ubangiji yake girmamawa.
Awa biyu ne da 'yan mintoci, kar ku bar shi yana ta zubowa,
Ku tsai da shi sau uku, kowane da tambayar tattaunawa:
A bakin jirgi, da Liddell ya ji ran Lahadi za a yi karawa,
A cocin Paris, da ya buɗe Ishaya 40 yana karantawa,
Sai ranar mita 400, da takarda a hannu yana dunƙulewa.
Baba koci, kai ka san fili, yi mana bayanin tserewa.

Mai horar da 'yan gudu

Malam, na karɓa, bari in faɗi yadda ake yi,
Mita 400 ba ɗari ba ce, tana son a raba ƙarfi.
Wanda ya zuba duka tun farko, ƙarshe ƙafa ta yi nauyi,
Ɗarin ƙarshe cinya ta ƙage, ƙirji ya ɗauki zafi.
Liddell layin waje ya samu, ba kowa a gabanshi,
Ba wanda zai auna gudu da shi, ya fita kamar harsashi.
Rabin farko sakan 22.2, masu kallo na jiran ya faɗi,
Bai faɗi ba, a 47.6 zinariyar 1924 ta zama tashi.
Kai a baya, baki buɗe, hannuwa na dukan iska da ƙarfi,
Salon da ba ma koya wa yaro, ko a ranar gwaji.
Abu ɗaya ku gyara wa matasa, fim ya ƙara gishiri:
Ba a jirgi ya ji batun Lahadi ba, tun da watanni ya sani.
Ya bar ɗari, ya sauya horo, ya sha atisaye da gumi,
Kar yaro ya bar karatu ya ce addu'a kaɗai ta isa shiri.

Mama ta zumuntar mata

Baba, ka gama da ƙafa, ni kan takardar zan yi magana,
A fim Jackson Scholz ɗan Amurka ya miƙa ta, kowa ya gana,
A tarihi mai tausan 'yan wasa ne ya ba shi a wannan rana.
1 Sama'ila 2:30 ce: masu girmama ni, su zan girmama.
To nan ne yara ke zamewa, na roƙe ku ku lura da kyau, 'ya'yana,
Sai su ce in na ƙi aikin Lahadi, Allah zai cika aljihuna.
Ku sa su karanta surar duka, tun daga farko, a zauna:
Gidan Eli aka tsawata wa, Hofni da Finehas ke ɓarna,
Cokali mai yatsa uku a tukunyar hadaya, suna wawurar nama.
Ayar hukunci ce kan masu raina Ubangiji, ba rasidin lambar girma.

Ɗan ƙungiyar mawaƙa

Mama, a gafarce ni, amma ai Liddell ya ci,
Wanda ya bar ɗari don Allah, ga zinariya a wuya, ba musu ko ƙanƙani.
Shi kuwa Harold Abrahams, ɗayan ɗan gudun Birtaniya a fim ɗin, don kansa ya yi gudu, ya ci ya rasa daɗi,
Ba sai mu ce ga mai bi ga na duniya ba, darasi ya fito a fili?

Dattijon majami'a

Ɗana, tambayarka ta yi, amma kar mu yi wa Abrahams ƙage,
Bayahude ne a Cambridge, ana yi masa kallon bare.
Sam Mussabini ya horar da shi, taku bayan taku, a tsanake,
Ya ci ɗari a sakan 10.6, haƙƙinsa ne, ba a rage.
In kun mai da shi mugun labari, kun koya wa yara raini ke nan a fake.
Tambayar da za ku yi ita ce: me kowannensu ke tsoron ya kuɓuce?
Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 9, rawanin fili mai lalacewa ne,
Na Abrahams da na Liddell, duk biyun ƙarfe ne.

Ku bi Liddell bayan Paris, nan ayar take warwarewa:
A Tianjin aka haife shi a 1902, a 1925 ya yi komawa,
Yana koyarwa a ƙasar Sin, yana kuma shelar bishara ga talakawa.
A 1943 Japan ta tsare shi a sansanin Weihsien, ba fita ba shigowa,
Ya koya wa yara darasi, ya shirya musu wasanni don ɗebe kewa.
Waɗanda suka zauna da shi sun ce, da yara suka kaure da faɗa ran Lahadi wajen bugawa,
Shi da ya ƙi gudun Olamfik ya ɗau alƙalancin wasan don rabawa.
Ku haɗa wannan da Markus 2:27, an yi ranar hutu domin mutum, ku bar matasa su yi ta juyawa.
Ƙari a ƙwaƙwalwa ya kashe shi, 21 ga Fabrairu 1945, yana da 43, ba asibitin ƙwarewa.

Malamin matasa

Na gode Baba, tsayawa ta koma huɗu, na gyara takarda,
Kar a kashe janareta da an ga Liddell bisa kafaɗa.
Akwai rubutu a ƙarshen fim kan rasuwarsa, a karanta shi da murya,
Sai a raba su rukuni uku, minti ashirin kowane ya tattauna aya:
Na farko Sama'ila, na biyu Korantiyawa, na uku Markus su riƙa,
Mama ta zauna da na farko, Baba koci na biyu, Dattijo na uku ya ɗauka.