Ɗana ya gagari malamai, ni ma ya kusa gagarata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana shekararsa 7, yana aji biyu. Ba ya zama wuri ɗaya, malami na magana yana katse shi, jiya har ya ciji wani yaro. A Islamiyya ma kullum ƙara. A gida in na aike shi, kafin ya kai ƙofa ya manta saƙon. Duka kam an yi har na gaji, abin sai gaba yake. Makaranta ta ce za ta sallame shi ƙarshen zango. Don Allah ina zan dosa?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin a kira shi mai kunnen ƙashi, a gwada kunnen nasa da idonsa. Yaron da ba ya jin malami sosai, ko ba ya ganin allo, ƙiriniya zai koma yi. Ki lura da barcinsa: mai shekarunsa na buƙatar awa 9 zuwa 12. In yana minshari da baki buɗe, ki faɗa wa likita. A auna jininsa. In kuma yakan ƙura ido na 'yan daƙiƙu, a kira shi bai amsa ba, wannan na iya zama wani nau'in farfaɗiya.

In duk lafiya, ki nemi sashen ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, a duba ko ADHD ce, wato larurar da ke sa yaro kasa mai da hankali da kasa zama wuri ɗaya. Sai alamomin sun kai wata 6, kuma ana ganinsu a wuri biyu, gida da makaranta, sannan likita zai ce ita ce. Ɗaya daga cikin magungunanta, methylphenidate, yana rage cin abinci, shi ya sa ake bin nauyin yaro. Kada wani ya ba ki a kemis.

Malamin firamare: Hajiya, ki je makarantar da kanki. A dawo da shi layin gaba, nesa da taga. Ki yi kati mai abu uku kacal: ya zauna har a gama darasi, ya ɗaga hannu kafin magana, bai taɓa kowa ba. Bayan kowane darasi malami ya sa alama. In ya ci rabi, lada a ranar, ko ƙwallo da yamma ne. Alkawarin keke a ƙarshen zango ba ya aiki, ya yi masa nisa. A riƙa aikensa goge allo ko raba littattafai, jikinsa motsi yake nema.

Wata mai aikin tarbiyyar yara: Maman yaro, ki ajiye bulalar nan. Yaron da ake duka yana koyon cewa mai ƙarfi shi ke duka, sai ya sauke a kan ƙannensa. Ki matso kusa, ku haɗa ido, umarni ɗaya, ya maimaita miki. Da ya yi, ki yaba masa, ki ambaci abin da ya yi: "Na ji daɗi da ka ajiye takalminka." Kullum minti 10 ke da shi kaɗai, wasan da ya zaɓa, ba gyara ba faɗa.

In ya yi duka ko cizo, ya zauna minti 7 a wurin da ba abin wasa, kina ganinsa, ba ɗaki mai duhu ba. Makon farko zai ƙara birkicewa, yana gwada ko za ki sassauta. A nan yawanci ake sarewa. Ki zaunar da babansa da kakarsa tun yau, don in ke kin hana ita ta ba shi, aikin ya rushe.