Nutso da tukunyar iska: daga gaɓa ko daga jirgi ya kamata sabon shiga ya fara?

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena yana karatu a Alƙahira, kuma in Allah ya yarda zan kai masa ziyara bayan babbar Sallah. Mun shirya mu leƙa Bahar Maliya in koyi nutso irin na tukunyar iska, wato sukuba. Na tuntuɓi wurare biyu. Na garin Hurgada sun ce da jirgin ruwa suke fita tun safe sai yamma, na garin Dahab kuma sun ce daga bakin gaɓa ake shiga da ƙafa. Na iya iyo, a gulbin Rima na koya tun ina yaro, amma teku ban taɓa ganinsa ba sai a waya. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Malamin Mabera:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tafi Dahab. A can na koya lokacin da nake karatu a Masar, a wurin da suke kira Lighthouse. Dalilina kunne ne. Matsin da ke kan jiki yana ninkawa biyu daga saman ruwa zuwa zurfin mita 10, don haka mitocin farko su ne suka fi matsa wa kunne. Ana koya maka ka toshe hanci da yatsu ka hura a hankali har ka ji kunnen ya buɗe, kuma kana maimaitawa tun kafin zafi ya zo. A gaɓa ƙasa gangara take. Malamina ya durƙusar da ni a kan yashi inda in na miƙe kaina zai fito waje. Nan na ja numfashin farko, na ji ƙarar iskar tana shiga, kumfa na wucewa ta gefen kunnena, ƙananan kifaye suna kewaya gwiwata. Ya sa na cika gilashin fuska da ruwa na fitar da shi da hanci, har sai da hannuna ya daina rawa. Sannan muka bi gangaren kaɗan-kaɗan. Duk inda kunnen hagu ya ƙi buɗewa sai in ɗan koma sama, ya buɗe, mu ci gaba.

Da na hau jirgi daga baya na ga bambancin. Igiya ce kake bi zuwa ƙasa, wani wurin ba ka ma hango yashin, mutane suna bayanka suna jira. Sabon shiga ba ya son a ce shi ya tsayar da jama'a, sai ya danne zafin kunne ya ci gaba da sauka. Nan ake jin ciwo.

Hajiyar Arkilla:
Malam, ban ƙi taka ba, amma ba kowa ne mai ƙarfin ɗan makaranta ba. Tukunyar da rigar iska (wadda ake hura wa iska don ta riƙe ka a saman ruwa) da ɗamarar darma sun haura kilo 20. A Dahab na ɗauke su a baya na taka duwatsu masu santsi, igiyar ruwa tana bugun ƙafata, ga ciwon baya. Kafin ruwa ya kai min ƙugu numfashina ya ƙare. A Zanzibar kuwa, da muka fita wajen tsibirin Mnemba, ina zaune aka saka min kayan, ruwa ne ya ɗauki nauyinsu ba ni ba. Ga wanda ya manyanta ko mai ciwon gwiwa, jirgi rahama ne.

Sai dai in faɗi gaskiya, akwai wata baiwar Allah da muka fita tare, tun da jirgi ya bar gaɓa take amai. Ko rigar ba ta saka ba. Ta kwanta har aka dawo, domin ba za a juya jirgi saboda mutum ɗaya ba. A gaɓa in jikinka ya ƙi, ka fito ka zauna a inuwa ka sha shayi. 'Yan'uwana mata kuma, rigar robar tana rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, akwai hularta, ni na ɗora doguwar riga a kai har sai da za mu shiga. Ku tambayi malama mace tun kafin ku biya, ana samu.

Baba na Kofar Rini:
Ɗana, ni abin da ka ce ka iya iyo ga Rima shi na tsaya kai. Na daɗe ina aiki Jidda, can Abhur munka riƙa shiga daga gaɓa. Mu da munka tashi ga gulbi, jikinmu ya saba da abu guda: in za ka nutse ka cika ƙirji ka riƙe. Haka Sarkawa ka yi, wanda duk ya kalli wasannin ruwa na Argungu ya gani. To wagga al'ada ita ce haɗari mafi girma ga mai tukunya. Iskan da ka shaƙa ga mita 10, in ka riƙe shi ka taso, girmanshi ninkawa biyu za ya yi cikin huhunka, huhu kuwa yagewa shikai. Ko ga ruwa mara zurfi sosai ana samun haka. Doka ta farko da anka koya muna ita ce kada ka riƙe numfashi ko sau guda. Ranar da tsoro ya kama ka, jiki tsohuwar al'ada za ya koma ma. Shi ya sa nike son ka fara inda ruwa bai wuce ƙirjinka ba, ka yi ta shaƙa kana fitarwa har sabon hali ya zauna. Kuma gwanin iyo hannu shika sa, nan kuwa hannu naɗe shi akai, ƙafa kaɗai ka aiki. Allah shi kiyaye.

Ɗan Runjin Sambo:
Amin Baba, na gode ƙwarai. Wannan ban taɓa jin sa ba. To kwana nawa zan ware? Wani ya ce min yini ɗaya ya isa.

Malamin Mabera:
Na yini ɗaya ɗanɗano ne, malami yana kusa da kai, ba a wuce mita 12, kuma ba takardar shaida. Cikakken kwas ɗin farko na PADI ko SSI, wato ƙungiyoyin da ke ba da shaidar koyon nutso, yakan ci kwana uku zuwa huɗu. A na PADI za ka yi iyon mita 200, ka tsaya a saman ruwa minti 10, ka yi darussa a ruwa mara zurfi, sannan nutso huɗu a teku. Shaidar tana ba ka izinin mita 18. Ko a Hurgada ka yi, ka tambaye su a ina za ka yi darussan farko. In sun ce akwai kwamin wanka ko wuri mai yashi mara zurfi, to da sauƙi. In sun ce komai daga jirgi ne tun ranar farko, nemi wasu.

Ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama:
Yayana, bari in sa baki ta fannina, ni ma na yi a Hurgada. Za a ba ka takardar tambayoyin lafiya, kada ka cike ta da "a'a" don a bar ka ka shiga. Mu nan mun san yawan sikila a cikinmu. Mai SS bai kamata ya yi wannan nutso ba, mai AS da mai asma da mai hawan jini su ga likita tukuna. Da mura ma kada ka shiga, kunne ba zai buɗe ba. In jirgi za ka hau, maganin jiri ana shan sa kafin a tashi, kuma ka gwada shi tun a gida saboda wani yana sa barci. Iskar tukunya busasshiya ce, ka sha ruwa sosai. Sannan lissafin tikiti: bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama, bayan nutso da yawa awa 18. Hawan dutse ma haka yake. Mutanenmu da ke Dahab suna son ziyarar Dutsen Sina'i, wanda tsayinsa ya haura mita 2,200. A fara da shi kafin nutso, ko a bari sai lokacin ya cika.

Ɗan kasuwa, Tudun Wada:
Ta fuskar aljihu gaɓa ta fi sauƙi, ba kuɗin jirgi. Na jirgin kuma yini guda ne da abincin rana, mun yi sallar azahar a kansa, matuƙin ya nuna mana alƙibla. Murjanin da na gani wajen tsibirin Giftun ban ga kamarsa kusa da gaɓa ba, amma da na riga na saba na ji daɗinsa. Abu ɗaya: a Dahab za a yi ta yi maka tallan Blue Hole, wani rami mai zurfi a cikin teku. Daga gaɓa ake shiga, amma zurfinsa ya kai mita 100, kuma ya ci rayukan masu nutso da yawa. Kada kusancinsa da bakin hanya ya ruɗe ka. Sai malaminka ya ce ka kai.

Hajiyar Arkilla:
In dai gaɓar ka zaɓa, ɗana, ka karɓi takalmin roba mai kauri saboda duwatsu da bushiyar teku. Kada ka saka ƙafar agwagwa, wato faffaɗan takalmin iyo, a kan tudu, ka riƙe ta a hannu sai ruwa ya kai maka ƙugu, ka dafa kafaɗar abokin nutsonka ka saka. Ka hura wa rigar iska kafin ka taka ruwa, gilashi yana fuska, abin shaƙa yana baki. Dahab gari ne mai iska, don haka ka tsaya ka kalli yadda igiyar ruwa ke zuwa kafin ka shiga, ka kuma tambayi malamin ta ina za ku fito, domin a fitowa ne ƙafa ta gaji kayan kuma sun jiƙe.