Neman agaji: me za mu kira "machinist" da Hausa?

Mai Shirin Sana'a:
Assalamu alaikum malamaina. Ina da shiri a rediyo ranar Asabar da safe kan sana'o'in da ake koyarwa a makarantun fasaha, kuma dole in miƙa rubutun kafin la'asar ɗin Alhamis. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, machinist. Mutumin nan da zai ɗaura guntun ƙarfe a inji ya yi ta rage shi daidai awo har ya zama shaf ko bushin ko noti. Na rubuta "mai mashin" na goge, don babur kowa zai ji. Na rubuta "mai inji", Mama ta ce ai wannan mai niƙa ne. Don Allah ku agaza mini.

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam. Mai tana. Ki shigo Panteka nan Kaduna ki ce ina masu tana, ƙaramin yaro ma zai kai ki. Injin kuma injin tana.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan turnar muke cewa, daga Faransanci. Asalinsu ɗaya da tanar taku, duk juyawa suke nufi.

Malamin Nahawu:
To kun gani. Can an ari ta Faransa, nan an ari ta Ingila, Bahaushe bai ce komai ba. Tana ba komai ba ce illa turner da bakinmu ya tauna. Ga shawarata, kuma na daɗe ina kai ta wurare: maferi. Daga fere. Ku tsaya gaban mai lemo ku kalle shi da kyau. Wuƙar tana wuri ɗaya, lemon yake juyawa, ɓawon na zubowa a murɗe. Wannan shi ne aikin injin nan ba ragi ba ƙari. Maferi, maferiya, mafera, kamar maƙeri, maƙeriya, maƙera. Wurin aikin ma mafera, kamar yadda maƙera take wurin ƙira. Ba mu roƙi kowa ba.

Mai Shirin Sana'a:
Malam, misalin lemon ya shige ni. Amma idan na ce maferi, ba za a ɗauka injin nake nufi ba? Kamar mabuɗi ko magogi.

Malamin Nahawu:
Karin sauti ya raba su, 'yata. Sunan mai aiki gaɓar tsakiya faɗuwa take, sunan kayan aiki duk a sama yake. A takarda ne za su yi kama, ke kuwa da baki za ki faɗa.

Ɗan Panteka:
Ranka ya daɗe, manomin da injin ban ruwansa ya lalace ba zai tsaya auna karin sauti ba. Idan ya ji maferi a rediyo, mai rake zai nufa.

Baba Mai Tana:
Ɗana ne ya nuna mini maganar nan, shi yake rubuta mini. Shekarata arba'in da 'yan kai a kan injin nan. Ubangidana, Allah ya jiƙansa, a lokon Zariya ya koya, wurin gyaran kan jirgin ƙasa, kuma tana yake cewa har ya koma ga Allah.

Malam, hoton da ka kawo na lemo gaskiya ne. Ƙarfe ke juyawa, wuƙa ke cinsa, ɓawon na fita a nannaɗe, in ya ɗau zafi har shuɗi yake yi. Amma mai lemo ba ya awo. Mu kuwa awon shi ne sana'ar. Makon jiya wani manomi ya kawo mini shaf na injin ban ruwa, mazaunin boris ya cinye, yana lilo. Na sa aka cika wurin da walda, na ɗaura, na daidaita shi har ya daina rawa, sannan na fara ci kaɗan-kaɗan. In ci, in tsayar, in goge, in sa maikiromita. Maikiromita tana karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, gashin kanka ya ninka wannan kauri sau da yawa. In na bar ƙarfen da ƙiba boris ba zai shiga ba, in na zarce da ɗan abin da ido ba ya gani, boris zai yi sako-sako, bayan kwana kaɗan manomi ya dawo, tumatirinsa na ƙuna. Ƙarfen da ka cire ba ya komawa. Shi ya sa yaro yakan daɗe a wurina yana share ɓawon ƙarfe yana koyon karanta awo kafin in bar shi ya taɓa hannun inji.

'Yata, ki faɗa a shirin naki: ba a tsayawa gaban injin nan da babbar riga ko hannun riga mai reto, ba a barin makulli a jikin cok, wato abin da ke riƙe ƙarfen yana juyawa da shi, ba a jan ɓawon ƙarfe da hannu. Na ga wanda riga ta ja. Wannan ya fi mini sunan muhimmanci.

Mai Shirin Sana'a:
Allah ya saka da alheri, Baba. Wallahi zan faɗa. Ko za ka yarda in zo in ɗauki muryarka?

Malamar Fasaha:
Kafin a wuce, akwai gyara. Ina koyar da darasin nan. Mai tana rabin amsa ne. Turner shi ne mai injin da ke juya ƙarfe. Machinist ya haɗa da injin milin, inda ƙarfen ke ɗaure wuƙar ke juyawa, da shi ake yanka haƙoran giya da gurbin da ake sa ɗan ƙarfen da ke kulle giya a jikin shaf. Ya haɗa da injin huji da na wasa ƙarfe, irin wanda ake gyaran karanshaf da shi a rage 0.25 ko 0.50 na milimita. Yanzu ga masu kwamfuta, ka rubuta musu umarni su yanka da kansu. Maferi ma ba ta rufe waɗannan ba. Ni a aji "masassaƙin ƙarfe" nake cewa, don masassaƙi rage itace yake har turmi ya fito, wannan ma rage ƙarfe yake har abin ya fito. Dalibai na kamawa nan take.

Ɗan Maƙera:
Me ya hana a ce maƙerin zamani a huta? Duk mai sarrafa ƙarfe a ƙasar Hausa maƙeri ne tun kaka da kakanni.

Malamar Fasaha:
Maƙeri da wuta da masaba yake aiki, yana lanƙwasa ƙarfe yana baza shi. Wannan yanka yake, ƙarfen a sanyi. Kuma gaskiya ɗalibaina da suka zauna jarrabawar NABTEB, ta kammala makarantun fasaha, ba za su so a kira su maƙera ba.

Ɗan Maƙera:
Ashe nan gizo ke saƙar. Don sun riƙe takarda sai ƙira ta zama abin ƙyama? Hajiya, garmar da ta ciyar da kakanninki wa ya ƙera ta? Takobi da linzami da ƙofar gari fa? Har gobe akwai Sarkin Maƙera a masarautunmu, ban taɓa jin Sarkin Tana ba. Mu ba mu ari sunanmu a wurin kowa ba, uwar maƙera da zuga-zugi da awartaki da magagari duk namu ne.

Malamar Fasaha:
Ka yi haƙuri, ban nufi raini ba. Abin da yaran ke ji na faɗa, ban ce sun yi daidai ba.

Baba Mai Tana:
Wuƙar da nake fito da zare a cikin noti, wani lokaci maƙeri ke lanƙwasa mini ƙotarta. Ba na raina shi. Amma in ka aiko mini mai neman lauje, ba zan iya ba.

Malamin Nahawu:
Wannan duk reshe ne. Tushen maganar, sai yaushe za mu daina aro? Da magabata sun yi irin wannan kasala da ba mu sami jirgin sama da jirgin ƙasa ba. Sun ɗauki jirgin da suka sani na ruwa suka faɗaɗa shi. Ƙanjamau fa, ba ƙirƙira aka yi ta zauna ba? Yanar gizo fa? Idan gidan rediyo ya faɗi maferi sau goma, ta zauna. Ku ne ke da makirfo, ku ne ke gudun nauyin.

Ɗan Sudan:
Malam, a yi adalci. Mu nan kharrat muke ji a kasuwa, injin kuma makharata, daga Larabci, ba wanda ya ce Hausarmu ta zube. Na'urar da kuke so a sa maimakon inji ita ma Balarabiya ce, asalinta abin ɗebo ruwa mai juyawa a bakin kogi. Na'ura mai ƙwaƙwalwa an yi shekaru ana faɗa a rediyo, amma a shago kwamfuta ake saya.

Malamin Nahawu:
Aron da ya shekara ɗaruruwa daban, na jiya daban.

Ɗan Panteka:
Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, Malam. Fita, wato mai harhaɗa inji, da direba da makaniki ba jiya suka shigo bakinmu ba. Tana ma ta ga jikoki.

Mai Shirin Sana'a:
Iyayena, lokaci na tafiya. Ga abin da na rubuta, ku duba: "Yau za mu leƙa wurin masassaƙan ƙarfe, waɗanda aka fi sani da masu tana." Daga nan sai in ci gaba da masu tana, don ita mai sauraro ya sani. Misalin mai lemo kuma zan yi amfani da shi wajen bayanin yadda injin ke aiki, in Malam ya ba ni izini.

Malamar Fasaha:
Ya yi. Amma ki ambaci milin ko sau ɗaya, kada a ɗauka duk aikin juyi ne.

Ɗan Maƙera:
An ba masassaƙa, an hana maƙera. Shi ke nan. Ki ware mana namu shirin.

Malamin Nahawu:
Na ba ki izinin lemo. Masassaƙin ƙarfe aƙalla Hausa ce, ko da yake ta yi tsawo, kuma gizago take kawo wa mutum a rai. Ban janye maferi ba, ita zan ci gaba da rubutawa.

Baba Mai Tana:
Ki zo Laraba bayan azahar, in akwai wuta za ki ji ƙarar injin ki ɗauka. Ki ɗaure mayafinki sosai kafin ki shigo.

Mai Shirin Sana'a:
In sha Allahu, Baba. Saura maikiromita. In bar ta haka, ko in ce ma'aunin kauri?

Malamar Fasaha:
Baniya, wani ma'aunin daban da ake amfani da shi a aikin, ita ma kauri take aunawa, za ki haɗa su. Bar ta maikiromita.