A sauke dish ɗin gidan Hajiya ko a bar shi?

Auta: Assalamu alaikum. Yaya Babba, kuɗin DStv na gidan Hajiya ya ƙare jiya, kuma kafin a sake biya ina da magana. Ni dai a ganina zamanin dish ya wuce. A sauke farantan nan biyu daga kan rufi, a sayi rauta mai ba da intanet da ɗan akwatin Android ko sandar Fire TV a maƙala a bayan talabijin, kowa ya kalli abin da yake so a lokacin da ya ga dama. A watan Maris na 2025 tsarin Compact ya tashi daga naira 15,700 zuwa 19,000, Premium kuma ya kai 44,500. Tashoshi sama da ɗari ake biya wa kuɗi, amma waɗanda ake kunnawa a gidan ba su cika hannu ɗaya ba.

Maman Walida: Wa alaikumus salam. Yau kam ina bayan Auta. Fina-finan Hausa masu dogon zango ai YouTube suka koma, tafsirin azumi ma can ake sakawa da Facebook. Hajiya sai ta jira jikoki sun zo sannan ta leƙa a ƴar wayarsu, ga ƙaton talabijin a gabanta.

Yaya Babba: Auta, ka haɗa abu biyu ka yi musu hukunci ɗaya. Farantan nan ba aikinsu ɗaya ba. Ƙaramin shi ne na biya. Babban kuwa tun da marigayi Baba ya sa aka kafa shi da risibar Strong, ko sisi ba a taɓa biya masa a wata ba. A nan take kallon Harami kai tsaye, a nan take kallon tashoshin wa'azi. To ɗauko biro. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya tana cin kusan giga ɗaya in hoton na talaka ne, in kuma mai kyau ne har giga uku. Talabijin ɗin Hajiya daga sallar Asuba yake kunne, in akwai wuta ko sola ta cika, har bayan Isha. Mu ce awa goma. Giga goma a rana, giga 300 a wata, a hoton na talaka. Wa zai saya?

Auta: Yaya, ai ana rage ingancin hoton. A YouTube in ka sauke shi ƙasa, bai fi rabin haka ba.

Yaya Babba: Na yarda, 150 ke nan. Kuma a talabijin mai inci 43 hoton zai zama dishi-dishi, ga idonta yadda yake. Kada ka manta a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Ka gudu daga ƙarin kuɗin DStv ka faɗa ƙarin kuɗin data, kuma a kansa za ka ɗora kuɗin Netflix na wata. Biya biyu ke nan.

Auta: Akwai tsarin rauta da ba shi da iyaka.

Baban Sadik: Ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar tukuna. Da yawansu in ka kai wani adadi sai su shaƙe gudun, ka zauna kana kallon da'ira tana juyawa. Ni duk wannan ma bai dame ni ba, ƙwallo ce tawa. Haƙƙin nuna yawancin wasannin Firimiya a ƙasarmu yana hannun SuperSport, tashar wasanni ta masu DStv. Ko ta dish ko ta intanet, in dai ta halal za ka kalla, gidan guda za ka kai kuɗinka. Manhajar Showmax da ta fito da tsarin Firimiya a 2024 ma su suka kawo ta, kuma tsarin a waya kaɗai aka yi shi, ba a talabijin ba. Sannan ga jinkiri. Hoton intanet yana bayan na dish, wani lokaci da rabin minti ko fiye. Gidan kallon da ke bakin layi zai kaure da ihu an ci, kai kuma a wajenka ba a ma bugo kwanar ba. Wannan ba kallo ba ne, jin labari ne.

Ɗan Baffa: Ku kuna wahalar da kanku wallahi. Akwai wani a kasuwa da ke saka manhaja a akwatin Android, ka biya sau ɗaya a shekara, duk tashoshin duniya su buɗe, har da beIN da na Ingila.

Malam Ƙarami: Ɗan Baffa, ka tambayi kanka yadda aka yi mutum ɗaya a rumfa yake sayar da abin da kamfanoni ke zuba biliyoyi su saya. Satar fasaha ce, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana. Ko babu doka, haƙƙin wani ne. Mu da muke kuka masu kwafar faifai sun durƙusar da kasuwar fim a Kano, bai kamata mu kai irinsa ɗakin mahaifiyarmu ba.

Auta: Malam, ni ba wannan na kawo ba, a rubuta. Ina nufin YouTube, Netflix, Prime Video, Northflix na fina-finan Hausa, da manhajar DStv Stream ga mai son ƙwallo. Waɗancan na rumfa ranar babban wasa suke mutuwa, in an rufe su babu wanda za ka kama, kuma Allah kaɗai ya san abin da suke kwasa a cikin na'urarka.

Ɗan Baffa: To shi ke nan, na yi shiru, malamai sun yi fatawa.

Kawu: Ina ta karanta ku. Auta, kai a Kano kake zaune, shi ya sa intanet yake maka kamar iska. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara gaba ɗaya saboda yaƙi da ƴan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ina Gusau a lokacin. Ba kira, ba saƙo, ba data. Mutum sai ya hau mota ya bar jihar don ya gaya wa nasa yana nan da rai. Abin da ya rage mana mu san halin da duniya ke ciki shi ne rediyo da dish, domin shi daga sama yake ɗauka, ba ruwansa da turken kowa. Wanda ya ga wannan ba zai hau rufi ya kwance faranti da hannunsa ba. Kada ku saki reshe ku kama ganye.

Auta: Allah ya ƙara girma Kawu, gaskiya ne. Amma wancan yanayi ne na musamman. Shi ma dish ɗin da hadari ya haɗu yake ɗaukewa, duk damina haka muke fama.

Kawu: Yana ɗaukewa, ruwa ya tsaya ya dawo. Ranar 14 ga Maris na 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ba ruwa ba iska, kwanaki aka yi ana fama da intanet har a bankuna.

Maman Walida: Starlink fa? Tun 2023 ya shigo Najeriya, kuma ba ya bin turke.

Baban Sadik: Yaya, shi ma ai faranti ne a kan rufi yana kallon tauraron ɗan Adam. A sauke dish a kafa dish ke nan, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Goggo: Ni abin da ban ji kun taɓo ba shi ne rimot. Hajiya ta haddace lambobin tashoshinta, ta danna ta zauna. Wannan akwati naku sai an shiga nan a fita can, a rubuta suna da Turanci, wata rana ya ce a sabunta, wata rana ya nemi lambar sirri. Duk wanda ya kawo shi ya shirya amsa waya sau goma a rana. Sannan yaran nan da ke cika falon ranar Juma'a. A dish na san iyakar abin da ke ciki, na sa an toshe tashoshin da ban yarda da su ba. YouTube kuwa ka bar yaro da wasan yara, ka dawo ka tarar ya kai inda ba ka zata ba.

Maman Walida: Goggo, akwai YouTube Kids, Netflix ma yana da ɓangaren yara da ake kullewa. Kuma mu daina yi kamar tashoshin dish duk na Allah da Annabi ne. Fina-finan Indiya da na Turawa da muka taso muna kallo a MBC ai ta nan suka shigo. Yaran kuma wayoyin iyayensu suna hannunsu tun tuni.

Goggo: Wannan kuma laifin iyayen ne, ke ma kina ciki.

Malam Ƙarami: Bari in raba gardama. Abin da Auta ya faɗa ya hau kan ƙaramin faranti, bai hau kan babban ba. Na biyan in ban da ƙwallo da wasan yara ba a buɗe shi, kuma Hajiya ba ta kallon ko ɗaya. A dakatar da shi, kuɗin ya koma data don fina-finai da karatun da take so, awa ɗaya ko biyu da dare. Babban ya ci gaba da aikinsa na yini, tunda ba ya cin komai. Talabijin ɗin yana da ramin HDMI biyu, ba sai an cire wani ba.

Baban Sadik: Wato ni aka yanka. In na zo gaishe da Hajiya ranar Asabar a ina zan kalli wasa?

Maman Walida: Ashe ba gaisuwa ke kai ka ba.

Baban Sadik: Duka biyun, Yaya. Zan iya ɗaukar rabin kuɗin a lokacin kakar wasa, in an tafi hutu a rufe.

Auta: Ni har yanzu ina kan bakana, nan da shekara biyar ba mai hawa rufi saita faranti. Su kansu masu DStv ɗin sun ga alama, shi ya sa suka buɗe manhajar da ba ta buƙatar dish.

Yaya Babba: In shekara biyar ɗin ta zo ma gani. Ba a sauke komai yanzu. Auta, ka kawo rautarka ta gida ka gwada wata guda, ka rubuto mana giga nawa ta ci, sai mu san abin da muke magana a kai. Amma ka fara dubawa ko sabis yana shiga falon ma, domin ni sai na fito tsakar gida nake iya amsa waya a gidan nan.