Bashi ya hana ni barci, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a Kano. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 jarina yake narkewa, in sayar da katan ɗin taliya yau, gobe kuɗin ba ya isa in saro wani. Yanzu wani dila a kasuwar Singa yana bi na naira dubu 380, ga haya ta kusa ƙarewa. In na kwanta, ƙarfe biyun dare idona biyu. Ina jin numfashin yara, ni kuwa ina ta lissafi da yatsu cikin duhu har kiran assalatu. Jiya har canji na ba wata yarinya ba daidai ba. Maiɗakina ba ta sani ba. Wani ya ce in sayi ƙwayar barci a kemis. Don Allah yaya zan yi?

Wani dattijo ɗan kasuwa: Wa alaikumus salam, ɗana. Yaushe rabonka da zuwa wurin dilan nan? Ina zaton ka fara canja hanya, in ya kira ka bar wayar ta yi ta ƙara. Na ci bashi, an kuma ci nawa, kuma wallahi ɓuya ta fi rashin biya ƙona ran mai bin bashi. Ka je da sassafe kafin kasuwa ta cika, ka ɗauki wani babba da yake jin nauyinsa. Ka faɗa masa abin da za ka iya tsakani da Allah, ko dubu 15 ne duk Juma'a. A rubuta, a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta ce. Aya ta 280 kuwa ta ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri, shi ma ya san da ita. Abin da ke tayar da kai tsakar dare shi ne bashin ba shi da ranar biya. Ranar da na yi irin wannan zaman, a daren sai da aka tashe ni sallah.

Ma'aikaciyar jinya: Baba ya yi gaskiya. Amma Yaya, ka rabu da ƙwayar nan. Irin su diazepam jiki yana sabawa da su, bai kamata a sha ba sai likita ya rubuta. Kana cin goro ko zaman mai shayi bayan isha'i? Sinadarin da ke wartsakarwa a cikinsu, bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini, ka tsaya da su daga azahar. In ka farka barci ya ƙi, kada ka yi ta juyi a katifa ko ka ɗau waya. Tashi ka zauna kan tabarma, ka ja carbi har ido ya yi nauyi. Ka je a auna maka hawan jini. In abinci ma ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, ka ga likita cikin makon nan.

Wata uwa: Ɗan'uwa, ka ce ba ta sani ba? Matar da kuke ɗaki ɗaya tana jin juyinka, sai dai ta yi maka kara. Faɗa mata. Ita ta san inda za a rage a cefane, wataƙila ma tana da zubin adashe da ya kusa zuwa kanta.

Wani malami: Ka riƙe addu'ar da ke cikin Bukhari, "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan", wadda a ƙarshenta ake neman tsari daga nauyin bashi. Ka haɗa da Ayatul Kursiyyu in za ka kwanta.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Baba, kamar kana gani na, sati uku ke nan ban ɗaga wayarsa ba. Goro kuwa har sha ɗayan dare nake ci a shago. Zan yi magana da maiɗakina yau, gobe in roƙi limaminmu ya raka ni Singa. Dubu 40 ce a hannuna, in miƙa masa duka ne ko in bar rabi na saro kaya?