Muhawara: Wai NFL ƙarfi ne zalla, gwaninta kuma sai zari-ruga?

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so a warware. Ni a ganina ƙwallon Amurka, wato NFL, baje kolin ƙarfi da gudu ne kawai, gwaninta kuwa tana wajen 'yan zari-ruga. A zari-ruga mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80, canji takwas kacal, kuma wanda aka fitar ba ya dawowa sai in rauni ya tilasta. Kowa dole ya iya kayar da mutum, ya cafe ƙwallo, ya miƙa ta baya yana cikin gudu. A NFL ƙungiya na da mutum 53, 11 ne a fili, canji ba iyaka. Masu kai hari daban, masu tsaro daban, mai bugu da ƙafa daban. Wani sai ya shekara goma yana wasa hannunsa bai taɓa ƙwallo ba. Kwatabak ma, mai jifan nan da ake ta kurantawa, ta rediyon cikin hular kwanonsa koci ke faɗa masa abin yi. To ina gwanintar?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Baban Ilham, rediyon nan ana katse shi da zarar agogon shiri mai daƙiƙa 40 ya rage saura 15, ko an fara wasa. Daga nan kwatabak shi kaɗai ne. Koci ya ba shi tsari, amma masu tsaro suna sauya tsayuwa bayan an katse, da gangan. Dole ya ƙirga nawa ne za su afko masa, ya gaya wa katangarsa ta mutum biyar wa zai tare wa, in ya ga tsarin ba zai ci ba ya sauya shi da baki a nan take. Da ƙwallo ta shigo hannunsa, abin da yake da shi bai cika wuce daƙiƙa uku ba. A ciki zai duba mai cafe na farko, na biyu, na uku, ya jefa inda mutumin zai kai, ba inda yake tsaye ba.

Kuma in ƙarfi da gudu ne kaɗai, a yi mana bayanin kwatabak Tom Brady. A gwajin sababbin 'yan wasa na 2000 ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 5.28. Xavier Worthy ya yi shi a 4.21 a 2024. Brady shi ne na 199 da aka zaɓa a shekararsa, kuma ya bar wasa da kofin Super Bowl, wato kofin zakarun NFL, har bakwai.

Anti Hadiza: Ni abin da ya fi gamsar da ni shi ne waɗanda suka tsallaka, don gani ya kori ji. Christian Wade gwanin gefe ne a Wasps ta Ingila. Ya koma Buffalo Bills ta NFL a 2019, karon farko da aka miƙa masa ƙwallo a wasan share fage ya ruga yadi 65 ya ci. Duk da haka bai buga ko wasa ɗaya na gasa ba har ya koma zari-ruga. Louis Rees-Zammit na Wales ya tafi a farkon 2024, ya shiga Kansas City Chiefs, daga nan Jacksonville Jaguars, shi ma ya dawo gida a 2025 bai buga wasan gasa ba. Babu wanda ya ce ba su da gudu. Abin da ke kayar da irinsu shi ne aikin da ba a nunawa a taƙaitaccen bidiyo: haddace tsare-tsare masu yawa da sunayensu, sanin wane mai tsaro ne naka in sun afko wa kwatabak, da yanke kwana a daidai yadin da aka tsara. In an ce ka juya a yadi 12 ka juya a 10, ƙwallo ta tafi hannun abokin gaba, laifin kuma naka ne.

Ɗan Fagge: Anti, a kawo ɗaya gefen mana. Jordan Mailata ɗan Ostireliya, daga zari-ruga mai mutum 13 ya fito, bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba lokacin da Philadelphia Eagles suka zaɓe shi a 2018. Tsawo sama da mita biyu, nauyi sama da kilo 160. Yau ga shi da Super Bowl na Fabrairun 2025. Ga kuma namu, Christian Okoye haifaffen Enugu, mai jifan faifai ne, sai yana ɗan shekara 23 ya fara wasan, amma a 1989 ya fi kowa a NFL gudu da ƙwallo, yadi 1,480. In ba jiki ba, me ya kai su? Wa ya taɓa fara ƙwallon ƙafa a 23 ya zama gwarzon Firimiya?

Malam Habu: Ƙanena, ka kawo hujja mai nauyi, amma duba kwanan wata. An zaɓi Mailata a 2018, sai 2020 ya fara buga wasan gasa. Rauni na ciki, koyo na ciki. Aikinsa shi ne tsare bayan kwatabak ta hagu: yana ja da baya a karkace, wani mai gudu yana zuwa masa gaba gaɗi. In ya ɗaga ƙafa kafin a saki ƙwallo, tarar yadi 5. In ya riƙo mutum yadda doka ta hana, tarar yadi 10. In ya kai hannu da wuri a doke hannun a wuce, in ya makara a ture shi kan wanda yake karewa. Girma ya sa aka ba shi dama, girma bai koya masa wannan ba. Okoye kuwa gurbin da ya samu, na mai gudu da ƙwallo, shi ne wanda baiwar jiki ta fi saurin biya a cikinsa. Wannan na yarda. Amma ba a taɓa ɗauko ƙato daga wani wasa an mai da shi kwatabak a NFL ba.

Kawu Isa: Yara, kun bar zari-ruga a baya kamar can ba a amfani da ƙarfi. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2023 a Faransa, Afirka ta Kudu ta ajiye mutum takwas a benci, bakwai ƙattin gaba ne, ɗaya kacal na baya. Manufar a fili take: a sauya kusan dukan masu turereniya a rabi na biyu, a murƙushe abokan karawa. Sun doke New Zealand 12 da 11 ba tare da sun kai ƙwallo layi ko sau ɗaya ba, duka makin daga ƙafar Handré Pollard, bugun tara huɗu. Pieter-Steph du Toit shi kaɗai ya yi kayarwa 28 a ranar. Wannan ai jiki ne, sai dai irinsa daban. A NFL ƙwallo na motsi kamar minti 11 ne a wasan da ke cin awa uku, don haka ana gina mutum ya fashe na 'yan daƙiƙu ya huta. A zari-ruga ka kayar, ka tashi, ka koma layi, ka sake, ba mai jiranka. Juriya ma baiwar jiki ce, ba gwaninta ba.

Inda gwanintarsu take shi ne inda ɗan kallo ke hamma. A turereniya, takwas da takwas, in na gaba ya bar kafaɗarsa ta sauka ƙasa da ƙugunsa, abin ya rushe, alƙali ya ba da tara, maki uku sun tafi. A jifan gefe, ƙwallo dole ta bi tsakiyar layuka biyu a miƙe, ta iske wanda aka ɗaga sama a daidai ƙololuwarsa. A kayarwa dole ka rungume da hannu, kai a gefe. Ka taɓa kan mutum ka ga kati, kamar yadda Sam Cane ya ga ja a wancan wasan. Shi ya sa a 2014 Pete Carroll, kocin Seattle Seahawks ta NFL a lokacin, ya fitar da bidiyo yana koyar da kayarwa da kafaɗa irin ta zari-ruga. Hular kwano ta daɗe tana ruɗar 'yan Amurka su shiga da ka.

Baban Ilham: Kawu, na karɓi gyara a kan juriya. Amma fantasi fa, wasan nan da 'yan kallo ke haɗa ƙungiyarsu da 'yan wasa na gaske, suna tara maki daga abin da 'yan wasan suka yi a fili? A can ma kwatabak mai gudu ake rububi, ba mai dabara ba. Alƙaluma ai ba sa son kai.

Anti Hadiza: Suna yi, Yaya, don mutum ne ya tsara su. A lissafin da aka fi amfani da shi, yadi 10 na gudu maki ɗaya ne, amma jifa sai yadi 25. Ci da gudu maki 6, ci da jifa 4. Ɗauki kwatabak Lamar Jackson a 2019: gudunsa yadi 1,206, wato maki 120 da ɗoriya. Kwatabak mai tsayawa wuri ɗaya sai ya jefa sama da yadi 3,000 kafin ya tara wannan. Ma'aunin ne aka karkata.

Ga wani. A gasar da ke ba da maki ɗaya kan kowane cafe, wanda ya cafe gajeru takwas na yadi 50 yana da 13. Wanda ya cafe biyu masu wuya na yadi 70, ana rataye da shi, yana da 9. Mailata da muke ta magana kuwa sifili ne kowane mako, don 'yan katanga ba sa cikin lissafi sam. Fantasi yawan damar da ake ba mutum yake aunawa. Saboda haka mai son ci ya duba sau nawa ake miƙa wa ɗan wasa, sau nawa ake jefa masa, kuma wa ake ba in an zo dab da layi.

Ɗan Fagge: To me ya sa na zari-ruga bai kama mutane kamar na NFL ko FPL, wato fantasin Firimiya, ba?

Kawu Isa: Wasan Amurka a yanke yake, kowane yunƙuri da farkonsa da ƙarshensa da mai shi, ga shi a yadi. Shi ya sa tun 1963 wasu a Oakland suka iya yin fantasi da takarda da biro. A zari-ruga wanda ya dire ƙwallo a layi sau da yawa mita biyar ya gudu, aikin mutum shida ne da suka share masa hanya. Ga ƙarancin wasanni: gasar Six Nations ta ƙasashen Turai shida zagaye biyar ce, wasa 15 gaba ɗaya, NFL kuwa kowace ƙungiya wasa 17 cikin mako 18.

Malam Habu: Ɗan Fagge, tunda FPL ka saba, kada ka shiga na NFL da wancan tunanin. A FPL ana ba ka fam miliyan 100 ka sayi 15, kuma kowa na iya mallakar ɗan wasa ɗaya. A nan mutum 10 ko 12 ne ke zaɓe bi da bi, wanda aka ɗauka ya ɗauku, kuma wanda ya zaɓa ƙarshe a zagayen farko shi ke farawa a na biyu. Kurakurai uku ne ke kashe sabon shiga: ɗaukar kwatabak da wuri alhali ɗaya ake sakawa kuma suna da yawa, tara 'yan wasan da makon hutunsu ya zo ɗaya, da mantawa da wasan daren Alhamis, wanda a agogonmu ya riga ya shiga Juma'a, ƙarfe ɗaya ko biyu da 'yan mintuna na dare. Wanda wasansa ya fara ya kulle, ko yana benci ko yana jinya.

Baban Ilham: Sharaɗi biyu in za mu haɗa gasar fantasi tamu: ba zubin kuɗi, kada a wayi gari abin ya koma caca. Kuma a cire makin cafe.

Anti Hadiza: Na farkon na yarda. Na biyun a'a, sai dai a mai da shi rabin maki. In an cire shi gaba ɗaya, masu gudu da ƙwallo za su ƙare kafin zagaye na uku, wanda ya zo na goma a zaɓe ya shiga uku tun kafin Satumba.