"Sannu ba ta hana zuwa": har a kan cikin da ake ƙirga wa kwanaki?

Inna Daya, Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karɓar haihuwa, amma wata karin magana da na tashi ina ji a bakin iyaye ta zame mini ƙaya a maƙogwaro. Bayan birnin Wad Madani ya faɗi a yaƙin Sudan a Disambar 2023, jama'a suka kwararo mana nan. Cikinsu akwai wata yarinya da aka yi wa fyaɗe a hanya. Da al'adarta ta ɗauke, uwar ta zo ta raɗa mini. Na ce a tashi yau a tafi asibiti. Kakar yarinyar, habobarsu, ta ce a bari uban ya iso, a ji ta bakin kawunnai, "sannu ba ta hana zuwa." Wallahi ba mugunta ta sa ta faɗa ba, asirin jikarta take son rufawa. Amma dokar manyan laifuka ta Sudan ta 1991 hali uku kawai ta yarda a cire ciki a cikinsu: in ran uwa na cikin haɗari, in ɗan ya mutu a ciki, ko in cikin na fyaɗe ne kuma ba a wuce kwana 90 ba. Ranar da suka gama shawara, an shiga wata na huɗu. Ku faɗa mini, karin maganar ce ta yi ƙarya, ko mu ne muka ɗora ta inda ba wurinta ba?

Baba na Mai Wurno:
Wa alaikumus salam, Inna. Karin magana ba ta yi ƙarya ba, yanke mata wutsiya aka yi. Cikakkiyarta ita ce: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Maganar matafiya ce. Kakanninmu da suka baro Burmi a 1903, bayan Turawa sun ci Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙi a can, suka bi gabas da niyyar Makka, shekaru suka yi a hanya, suna noma damina a nan, su yi ƙodago a can, har suka iso bakin wannan kogi na Nilu. Sun iso ne don Makka ba ta gusawa, in ka yi shekara goma tana nan inda take. To abin da ke tafiya da ƙafarsa fa? Wanda zai tari jirgin ƙasa ba a ce masa sannu. A ganina wadda ta dace da zancenki ita ce tun ran gini, tun ran zane.

Yaya Hajjo, Kasala:
Baba, a yi wa tsohuwar nan adalci. Ta san abin da bakin mutane ke yi wa 'ya mace. In aka ga yarinya ta shiga ofishin 'yan sanda ta fito, kafin magariba unguwa ta ɗauka, kuma ita za a riƙa nunawa, ba wanda ya ɓata ta ba. Sannun da ta ce tsoro ne. Ni ma uwa ce, ban san me zan ce ba da ni ce a wurin.

Malam Ƙarami, Damazin:
Baba ya yi mini afuwa, ban ji daɗin kawo gini da zane a nan ba. Zane ado ne. Mai ginin tukunya tana ja wa yumɓu layi tun yana ɗanye, don in ya bushe ba ya karɓa. Ana faɗarta a kan tarbiyyar yaro da shirin aure. Ɗora ta a kan zubar da ciki kamar ana cewa a yi maza ne tun ba a gani ba, kuma gobe wata da ba lalura gare ta ba za ta ɗauka ta ce ai manya sun faɗa. Mu a nan galibinmu Malikawa ne, kuma mashahurin zance a mazhabarmu shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba. Ba zan ɓoye wannan don zancen ya yi daɗi ba.

Baba na Mai Wurno:
Allah ya gafarta Malam, ni zanen bango na sani, ba na tukunya ba. Magina ne ke fitar da zane da hannu tun yaɓe bai sha iska ba. Ko ma wanne ne, ba adon ake nufi ba, laushin ƙasar ake nufi. Ran da ta bushe, sai dai a sassaƙa da ƙarfe, kuma bango na iya tsagewa.

Likitan mata, Bur Sudan:
Baba, ka faɗi abin da nake gani a wurin aiki ba tare da ka sani ba. Bari in ba ku lissafin, don a nan mutane ke ruɗewa.

Maganin da ake cire ciki da shi iri biyu ne, mifepristone da misoprostol. Na farkon a Faransa aka ƙirƙiro shi, aka amince da shi can a 1988. Yana toshe aikin sinadarin da ke riƙe ciki, na biyun kuma ya sa mahaifa ta matse ta fitar. Shi misoprostol asalinsa maganin gyambon ciki ne, kuma mu muna amfani da shi wajen tsayar da jini bayan haihuwa da kuma ɓarin da bai gama fita ba. Amurka ta yarda da mifepristone a 2000, iyakarsa mako 7, sannan a 2016 ta kai shi mako 10. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce ƙasa da mako 12 ana iya yi ba tare da an kwantar da mace ba in akwai sahihin bayani da wurin da za a garzaya. Daga mako 12 zuwa sama aikin asibiti ne, a gaban ma'aikata, domin mabiyiya ta yi ƙarfi, tana iya maƙalewa, jini ya fi ɓallewa, kuma wadda aka taɓa yi wa fiɗa mahaifarta na iya yagewa in ciki ya yi nisa.

Ga inda nake so ku lura. Mu likitoci daga ranar farko ta al'adar ƙarshe muke ƙirgawa, wato kusan mako biyu kafin cikin ya shiga. Mace ta ce mini "wata ɗaya na yi ban gani ba", tana zaton cikin wata ɗaya ne, alhali a lissafinmu ya kai mako 8. Shi ya sa muke son hoton ciki kafin komai. Hoton ne kuma ke nuna ko cikin a wajen mahaifa ya zauna, wanda waɗannan ƙwayoyi ba sa taɓa shi, kuma in ya fashe yana iya kisa cikin sa'o'i.

Malam Ƙarami, Damazin:
Likita, wannan lissafin ya amfane ni. Namu daga shigar cikin yake farawa. Hadisin Ibn Mas'ud, na huɗu a Arba'una, ya ce kwana 40 ɗigon maniyyi, 40 gudan jini, 40 tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Kwana 120 ke nan. In na fahimce ki, kwana 40 namu sun kusa mako 8 naku, 120 kuma wajen mako 19. Ashe na sha ba mata amsa muna ƙirga abu biyu daban. Astagfirullah.

Takari, Jidda:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bari in ƙara da abin da ake bi a nan. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi matsaya a 1407 bayan hijira: cikin kwana 40 na farko ana iya yarda in akwai maslaha ta shari'a ko kawar da cuta, amma ba don tsoron talauci ko wahalar reno ba. Bayan 40 sai kwamitin likitoci ya tabbatar akwai haɗari ga uwa. Bayan wata huɗu kuwa sai in barin cikin zai kashe ta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, ita ma ta zauna a Makka a 1990, ta yarda a cire kafin kwana 120 in likitoci sun tabbatar da mummunar nakasa wadda ba ta da magani, kuma iyayen sun nema. Abin da nake son nunawa shi ne su ma malaman da kwanaki suke magana. Kowace ƙofa tana da ranar rufewa. Wanda ya ce a yi sannu, ya riga ya zaɓar wa yarinyar ƙofar da za ta tarar a buɗe, ko ya sani ko bai sani ba.

Malam Ƙarami, Damazin:
Ban musa ba. Hanbalawa sun sassauta kafin 40, Hanafawa da uzuri har kafin 120, kuma wadda aka yi wa fyaɗe ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra. Ina nan kan bakana cewa a kai lamarin gaban malami da likita, kowane hali da hukuncinsa. Amma a kai da wuri. Mutane na riƙe da "gaggawa aikin shaiɗan ce" su manta magabata sun ware wurare biyar da ake so a hanzarta: ciyar da baƙo, binne mamaci, aurar da budurwa, biyan bashi, da tuba. Kai wadda aka zalunta wurin magani bai kasa ciyar da baƙo ba.

Inna Daya, Gadarif:
Tun da kun kawo nan, bari in ƙarasa muku, da na so in bar shi a cikina. Da aka ce musu lokacin doka ya wuce, wani ya samo musu ƙwayoyi a bayan fage, babu kwali, babu wanda ya san ko na gaske ne ko zafin rana ya kashe su. Tsakar dare aka buga mini ƙofa. Na tarar da katifa ta jiƙe, leɓɓanta sun yi fari, mabiyiya ta ƙi fita. A bayan a-kori-kura muka kai ta. An yi mata wankin ciki, an ƙara mata jini, Allah ya yi da sauran kwananta. A ƙofar ɗakin likitar ta tambayi uwar wata nawa ne, me aka ba ta. Uwar ta fara cewa ɓari ne kawai na wata biyu. Sai kakar nan, ita dai mai sannu, ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Yaya Hajjo, Kasala:
Allahu akbar. Inna, wannan ita ce ta wurin. Ba ta ce a zubar ba, ba ta ce a bari ba, ta dai ce kada a ɓoye wa mai magani. Malam ma ba zai ƙi ta ba. Sai dai ranar wankan ba daren jini ba ne, tun ranar da abin ya faru ne.

Likitan mata, Bur Sudan:
Haka ne, Yaya, kuma da an zo a kwanakin farko wataƙila ba a kai ga zancen ciki ba sam. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin awa 72. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana 5, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon ƙarfinsa. Wannan ba zubar da ciki ba ne, hana shi shiga ne. In an wuce nan, a sani neman izinin doka yana bi ta hannun hukuma kuma yana cin kwanaki, don haka 90 ɗin ba ta kai yadda ake zato ba. Duk macen da ta riga ta sha wani abu, in tana jiƙa auduga biyu a awa har awa biyu a jere, ko zazzaɓi ya kama ta, ko jiri, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, a ɗauko ta nan take, a zo da ragowar maganin a hannu.

Inna Daya, Gadarif:
Na rubuta su a bayan littafin awo: awa 72, kwana 5, kwana 90. Ranar Alhamis matan unguwa na taruwa a gidana bayan la'asar. Tsofaffinmu ba sa karanta boko. Malam, don Allah ka rubuto mini lambobin nan da ajami tare da lissafinku da na Likita gefe da gefe, in liƙa a bangon ɗakin awo.

Malam Ƙarami, Damazin:
In sha Allah, Inna, zan turo kafin Laraba. Likita ta fara dubawa tukuna, kada in sake kuskuren mako biyun nan.